Mashin ɗin Malamin Gona a Hanyar Banyo

A Serti na fara shakkar abin da hannuna ya haɗa. Kwana biyu ke nan da barina Keffi, duk kwalta na biyo, mashin bai yi mini ko tari ba. Na tsaya shan mai, sai mai zuba man ya zagaya shi sau biyu, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin injin, ya ce, "Oga, yaƙi za ka je da wannan?" Na yi dariya. Amma da na ɗaga kai na ga dutsen Mambila ya tokare sama a gabana, dariyar a baki ta tsaya.

Sunana Bulus, ɗan Agwada ne ni, amma a Sabon Garin Keffi na koyi kanikancin mashin, a nan na yi aure. Da aka zo faɗaɗa titi saboda motocin Abuja, rumfata na cikin waɗanda aka kwashe. Na koma lungu, ciniki bai biyo ni ba, 'yan acaɓan da nake wa gyara kuma rabinsu sun koma tuƙin Keke Napep. Ana cikin haka wani maƙwabcina ya ce yayansa, Malam Shehu, ɗan cikin gari ne da ya daɗe a Banyo ta ƙasar Kamaru yana fataucin zuma, yana neman makaniken da zai iya shiga daji. Sharaɗi biyu ya gindaya: in zo da mashin ɗina, kuma in iso kafin kakar zuma ta wuce. Ban taɓa ganin mutumin ba, sau ɗaya kawai muka yi waya.

Mashin ɗin kuwa a Garaku na samo shi, wurin wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Ƙarami ne mai dogayen ƙafafu, irin wanda aka yi don hanyar ƙauye. Wata guda na yi a kansa. Na cire jan tankinsa na sa wani baƙi da ya fi shi ciki. Na sa tayoyi masu haƙora, na sauya sifoket ɗin baya, wato faifan da sarƙa ke hawa, da babba, don ya rage gudu ya ƙara ƙarfin hawa. Na ɗaga salansa sama, na jawo wa injin hanyar shan iska da tiyo har ƙarƙashin kujera saboda rafi. Na yanka tsohuwar jarka na yi wa hannuwa garkuwa, na haɗa kariya da rodi. A ƙarshe na samo farantin ƙarfe mai kauri na lanƙwasa shi ya rungume cikin injin har gefe da gefe, don kada dutse ya fasa. Saboda tsoron kada notinansa su kwance a hanya, sai na ɗiga wa kowanne walda. Matata Rifkatu ta tsaya tana kallona ranar, ta ce, "Baban Murna, mashin kake gyarawa ko ɗaki kake ginawa?"

Hawan dutsen ya ɗauke ni rabin yini. Hanya ce mai lanƙwasa kamar hanji, hagu dutse, dama rami wanda ba ka son leƙawa. Manyan mashina suna wuce ni a miƙe, amma inda hawa ya yi tsanani sai in tarar da su mutum ya sauka yana turawa, ni kuwa in wuce a giya ta biyu a hankali. A nan na gode wa Allah da sifoket. Da na kai Nguroje sanyi ya riga ya kashe mini yatsu, ban iya ɓalle maɓallin hular kwano ba sai da mai shayi ya taimaka mini. Ban taɓa sanin akwai irin wannan sanyi a ƙasarmu ba. Na kira gida da yamma, Rifkatu ta ba Murna waya, yarinyar ta ce, "Baba, ka kai?" Na ce saura kaɗan. Ta ce to in ka kai ka dawo. Na kashe wayar na zauna riƙe da kofin shayi har ya huce.

Washegari na bar kwalta na kama hanyar Mayo Ndaga. Damina ta riga ta sauka a can. Jar laka ce mai santsi, motocin kaya sun haƙa ta har wurare ramin ya kai gwiwa. Sau biyu na faɗi kafin hantsi. A faɗuwa ta biyu ne wani mutum ya taso daga gindin bishiya ya taya ni ɗaga mashin. Siriri ne, sanye da rigar ruwa shuɗiya, ya ce sunansa Sale. Ya kalli lambar mashin ya ce, "Nasarawa! Kai mutumin ina ne?"

"Keffi," na ce.

"Allahu Akbar. Ai na yi shekara uku a Mararaba ina tura baro. Kullum ta Keffi nake wucewa in zan zo gida."

Ya ambaci tasha, ya ambaci kasuwa, har da inda ake gasa masara a bakin hanya. Kwana uku ban ji wanda ya san garinmu ba, sai na ji kamar ɗan'uwa na gani. Ya ce shi ma iyaka zai nufa, kuma gaba akwai mararrabar da baƙo ke ɓata. Na matsar da kaya na ɗauke shi.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya san hanya. Ya nuna mini inda ake ratsewa ta cikin ciyawa a kauce wa ramuka, har muka raba biredi da gyaɗa. Bayan azahar muka iso wani rafi da ruwan dare ya cika, ja wur, yana gudu. Sale ya shiga da sanda ya auna, ruwa ya kai masa cinya. Ya fito ya ce, "Maigida, da kaya ba za ka haye ba. Sauke komai, ka fara wucewa da mashin, ni in biyo ka da su a ka."

Magana ce ta hankali, ni ma da haka zan ce. Na kwance jakar tufafi da jakar kayan aiki na ajiye a kan dutse. Na yi addu'a na shiga. Ruwa ya rufe injin, ya haura mini gwiwa, ina jin duwatsu suna dukan farantin nan, tayar baya tana zamewa tana kamawa. Injin bai mutu ba. Na fito ɗaya gaɓar ina ihu kamar yaro, na juya in nuna wa Sale tiyon da ya cece mu.

Jakar tufafi tana kan dutse. Sale da jakar kayan aiki babu su.

Na kira sunansa har muryata ta dushe. Na ratso ruwan da ƙafa, na bi sawunsa cikin ciyawar da ta fi ni tsayi, sai na tuna mashin yana can shi kaɗai da makulli a jiki, na juyo a guje. A jakar nan akwai sifanun da na fara saye tun ina yaron shago, da abin cire taya, da faci, da famfo, da sarƙa ta ajiya. Makaniken da ba shi da kayan aiki, me zai ce wa wanda ya kira shi? Ban da tufafi, abin da ya rage mini shi ne takarduna, don suna cikin leda a ƙirjina.

Daga nan tafiyar ta zama wani abu dabam. Duk ƙarar da mashin ya yi sai in kasa kunne. In na taka ƙaya in tsaya in matsa taya, in sarƙa ta yi ƙara in sauka in duba, alhali ko na ga matsalar ba ni da abin taɓa ta. Na kwana a wani ƙauye kusa da iyaka, da safe aka buga mini hatimi na shiga Kamaru. Na ɗauka mafi wuyar ta wuce.

Wajen tsakar rana na iso shingen jandarma a bakin wani ƙaramin ƙauye, gora ce aka gicciya a kan durom biyu. Babbansu, wani dogo mai furfura a gemu, ya karɓi takarduna ya karanta, ya zagaya mashin, ya sake karantawa. Ya yi magana da Faransanci, ban gane ba. Ya juya Fillanci, nan ma ban gane ba. Sai ya ɗaga murya ya kira wata dattijuwa da ke sayar da abinci a rumfar da ke gefe. Dada Hawwa ake ce mata. Ta taso tana goge hannu a zani, ta ce da ni cikin Hausa mai karyayyen harshe, "Ɗana, ya ce takarda ta ce mashin ja ne, wannan kuwa baƙi ne."

"Dada, ki ce masa tanki na sauya. Nawa ne, ni na gyara shi."

Ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya tsuguna yana leƙen injin, ya ɗora yatsa a kan farantin.

"Ya ce to nuna masa lambar injin."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Gefen farantin ya hau daidai kan lambar ya rufe ta ruf. Ɗaya lambar ta jikin ƙarfen wuya kuma maɗaurin sabon tankin ya zauna a kanta. Wata guda ina tunanin dutse da ruwa da laka, ban taɓa tunanin mutum mai biro zai so ganin lamba ba.

Jandarman ya sa aka kawo sifana daga ofishinsu. Na ɗora a kan noti, na san ba zai motsa ba tun kafin in murɗa. Waldar da na ɗiga da hannuna ta riƙe gam. Mutumin bai yi faɗa ba, bai kuma nemi komai a wurina ba. Ta bakin Dada ya ce mashinan sata suna yawan shigowa ta hanyar nan da launi sauye, shi ba zai saki abin da bai ga lambarsa ba. Jibi ranar kasuwa mota za ta zo ta kwashi abin da aka kama zuwa babban gari. In ya tafi can, sai dai in bi shi da takardu, kuma abin yana iya ɗaukar wata da watanni.

Suka tura mashin bayan ofis suka sa masa sarƙa. Na zauna a kan jakar tufafina a bakin hanya. Babu sabis a wayata. Malam Shehu bai san inda nake ba, Rifkatu ba ta sani ba. Na yi ta lissafin kwanakin da suka rage wa kakar zuma, ina sake lissafawa, kamar hakan zai ƙara su.

Dada Hawwa ta ajiye mini kwanon tuwon masara da miyar ganye a gabana. Na ce ba na jin yunwa. Ta ce, "Ban tambaye ka ba." Na ci. Tana tsaye a kaina ta ce ta yi aure a Gembu shekaru da yawa, a can ta koyi Hausa, kuma ɗanta na fari yana wani wuri a Najeriya, shekara biyu ba labari. Ta tambayi addinina, na ce Kirista ne. Ta ce to ba sai ta tashe ni da asuba ba, ta kai ni zauren ƙanenta aka shimfiɗa mini tabarma.

Ƙauyen babu makanike, babu mai walda. Amma Dada ta ce akwai wani maƙeri a bayan tudu na biyu, tafiyar rabin yini, ta taɓa ganin zarton ƙarfe a wurinsa. Gari na wayewa na kama hanya a ƙafa. Barin mashin a baya ya fi mini tafiyar ciwo. Duk ƙarar mota da na jiyo daga nesa sai in tsaya cak, in ce ko sun zo da wuri.

Maƙerin tsoho ne gajere, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Na tsuguna na zana masa mashin a ƙasa, na zana farantin da noti huɗu, na yi alamar yanka. Ya daɗe yana kallo. Ya shiga bukka ya fito da guntun zarto da guduma, na miƙa hannu, ya maƙe kafaɗa ya jefa su cikin buhunsa. Na ɗauka ya hana ni ne. Sai na ga ya rataya buhun ya ɗauki sanda ya shige gaba. Kayan aikinsa ba ya ba da aro, amma zai bi su duk inda za su. Ni da na yi sakaci da nawa, ban ga laifinsa ba.

Mun iso da la'asar, ruwa na tsuga. Muka kwantar da mashin a gefe, muka yi ta karɓa-karɓa da zarton nan da haƙoransa suka cinye. Noti uku muka yanke kafin duhu ya hana mu. Na huɗun sai da safe, ranar kasuwa, mutane sun fara taruwa suna kallonmu. Muna cikin yi motar ta iso, direban ya sauko yana jira. Tsohon ya karɓi guduma ya ba notin duka biyu, ya fita fit. Farantin ya faɗi cikin laka.

Jandarman ya zo da takarda, ya tsuguna, yana karanta lamba ɗaya bayan ɗaya yana bi da biro. A ta biyun ƙarshe ya tsaya. Ya kalli takarda, ya kalli injin, ya yi magana.

"Ya ce takarda takwas ta ce, a nan kuwa uku yake gani," in ji Dada.

Na durƙusa. Tsatsa da laka sun cike rabin lambar. Na kankare da farce, amma lambar ba ta fito ba. Dada ta ture ni gefe, ta ɗebo toka daga murhunta ta shafa a wurin, ta goge da bakin zaninta. Tokar ta zauna cikin ramin rubutun, fara tas. Takwas ce.

Jandarman ya miƙe ya ninke takarduna ya ba ni, ya ce wani abu har mutane suka yi dariya. Dada ta ce, "Wai in za ka sake yi wa mashin sulke, ka bar masa taga."

Maƙerin ya ƙi karɓar komai daga hannuna. Farantin ya ɗauka, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya nuna mini da hannu cewa fartanya biyu za su fito a ciki. Na bar masa. Dada kuwa ta ƙulla mini dafaffen rogo a leda, ta faɗa mini sunan ɗanta sau uku, ta ce ko da Allah zai haɗa mu. Har yau ban gamu da shi ba, amma ban daina tambaya ba.

Na isa Banyo washegari da hantsi, cikin injin a tsirara, ina kauce wa kowane dutse kamar mai tafiya da ƙwai. Na yi tambaya aka nuna mini shagon, jarkokin zuma jere har rufi, ƙudan zuma na shawagi a ƙofa. Mai tsaron shagon ya ce, "Kai ne na Keffi? Tun shekaranjiya aka fid da rai da kai." Ya ce Malam ya shiga daji da kansa da tsohon mashinsa, yau kwana uku. Wani makiyayi ya kawo saƙo cewa mashin ya mutu masa a hayin rafi, ga jarkokin zuma, ya ƙi barinsu. An nemi masu mashin biyu, duk sun ce ba za su shiga ruwan nan ba.

Ban ko sauke jaka ba. Na gaya masa gaskiya cewa ba ni da ko sifana ɗaya. Ya bincika ƙarƙashin tebur ya fito da sifanu biyu, da filaya, da abin kwance fulogi, da sabon fulogi guda. Ya zana mini hanya a bayan kwali.

Awa huɗu na yi. Rafin bai kai na baya zurfi ba, amma duwatsu ne zalla, kuma yanzu babu abin da ya raba su da injina. Sauka na yi na shiga da ƙafa, na taɓa kowane dutse, na kawar da waɗanda zan iya, sannan na tura mashin yana kunne ina tafe a gefensa. Sau ɗaya na ji ƙarfe ya gogi dutse. Da na fito na kwanta a ƙasa na shafa cikin injin, na duba tafin hannuna. Ruwa ne kawai, babu baƙin mai.

Na same shi a ƙarƙashin tamfol da ya ɗaura a jikin bishiya, zaune a kan jarka, dattijo mai ƙaramin jiki, ya rame, carbi a hannu. Ya bi mashin ɗina da kallo tun daga taya har madubi, sannan ya dube ni.

"Bulus?"

"Ni ne, Baba. Ku yi haƙuri, na makara. Kuma an sace mini kayan aiki a hanya."

"Ka zo da fulogi?"

"Na zo da shi."

"To ba ka makara ba."

Ruwa ne ya shiga masa kafireta, fulogin ma ya ƙone. Cikin rabin awa mashin ɗinsa ya tashi. Muka raba jarkokin biyu, amma ya ce in zauna tukuna. Ya yanko saƙar zuma da wuƙa ya miƙo mini a kan ganye, ya zauna yana kallona ina ci. A nan na fara aikin da na yi shekara uku ina yi, sai dai ranar ba maganar aiki ya yi mini ba.

"Shekara goma sha ɗaya rabona da Keffi," ya ce. "In na yi waya gida, lafiya lau kawai suke ce mini. Iya mai masa ta bakin tsohuwar tasha, tana nan?"

Na ce, "Ta rasu bara, Baba. 'Yarta ce a wurin yanzu, taliya da ƙwai take soya wa ɗalibai."

Ya yi salati a hankali, ya sunkuyar da kai. Ruwa ya fara ɗiga a kan tamfol, na kalli sama ina tunanin rafin da za mu sake hayewa kafin ya ƙaru. Ya ga inda nake kallo, ya ɗaga hannu.

"Za mu tafi. Amma fara gaya mini garin. Kada ka tsallake ko'ina. Ka ɗauka yanzu ka sauka daga motar Akwanga, me ke hannun damanka?"

Na goge zumar da ke hannuna a wando, na gyara zama, na fara.